Babi na Shida: Hukuncin Alƙalai da Idon Mai Kallo

Duk wanda ya taɓa shiga zauren da aka baje kolin zane-zane bayan an gama gasa, ya san yadda jama'a kan yi tururuwa zuwa wuri guda, su bar sauran bangaye babu kowa, su cunkushe gaban aikin da aka liƙa wa 'yar takardar da ke shaida cewa shi ne ya ci lambar yabo. Kuma idan ya kasa kunne zai ji magana iri biyu, domin waɗansu za su ce lalle wannan ya cancanta, alhali kuwa ba su tsaya gabansa gwargwadon lokacin da mutum zai kurɓi ruwa ba, waɗansu kuma za su taɓe baki su ce alƙalan nan son kai suka yi. Dukkansu takardar suka karanta, babu wanda ya dubi zanen. Abin da nake nufin bayyanawa a wannan babi shi ne, lambar yabo shaida ce ta waɗansu mutane ƙididdigaggu, ma'abota sani, waɗanda suka zauna a wani zamani ayyananne, da ma'auni irin na zamaninsu, suka yi ijtihadi iyakar iliminsu. Shaidar masani kuwa ba a watsi da ita, ba a kuma karɓarta ido rufe, sai dai a tambayi hujjarta, sa'an nan a nemi hujjar a jikin aikin kansa.

Babu inda wannan al'amari ya fi fitowa fili kamar birnin Faris, domin a can ne al'adar tantance zane da raba lambobi ta girma har ta zama abin koyi ga sauran ƙasashe. A shekarar 1648 aka kafa majalisar masu zane da masu sassaƙa a ƙarƙashin sarkin Faransa, a 1667 ta fara nuna ayyukan 'ya'yanta, daga 1725 kuma aka riƙa yin taron a wani zaure na fadar Louvre mai suna Salon Carré, wanda daga gare shi ne baje kolin ya samo sunan da duniya ta san shi da shi, watau Salon. A 1748 aka naɗa alƙalai waɗanda za su riƙa tace abin da aka kawo, su shigar da wanda suka yarda da shi, su mayar da saura. Ya kamata mai karatu ya gane nauyin wannan hukunci a wancan zamani, lokacin da babu wata kafa ta daban da mai zane zai kai aikinsa gaban jama'a: wanda aka karɓa yana iya samun masu saye, da aikin gwamnati, da almajirai, wanda aka mayar kuwa akan buga harafin R a katakon da ke bayan ƙyallensa, alamar an ƙi shi, kuma attajirai da yawa ba sa son sayen abin da ke ɗauke da wannan tambari. Ko a cikin waɗanda aka karɓa ma akwai fifiko, domin ana rataye zane ne tun daga ƙasa har zuwa rufi, jere bisa jere, mai sa'a shi ne wanda aka sa aikinsa daidai da idon mai tsayuwa, maras galihu kuwa a kai nasa can sama inda sai an ɗaga wuya kafin a hango shi.

Ma'aunin alƙalan ba ɓoyayye ba ne. Sun jera nau'o'in zane daraja daraja: mafi ɗaukaka shi ne wanda ya ɗauko ƙissa daga tarihi ko littattafan addininsu ko labarun Girkawa da Rumawa na dā, daga shi sai surar mutum sananne, sa'an nan al'amuran yau da kullum, can ƙasa kuma filaye da dabbobi, da 'ya'yan itace da kwanuka a kan tebur. Suna kuma son aiki ya fita sumul, a shafe sawun buroshi har ya zama ba a ganin inda hannu ya bi. Wanda bai san wannan ma'auni ba, ba zai fahimci dalilin cin wanda ya ci ba, balle ya san inda alƙalan suka yi adalci da inda suka gaza.

A 1848, shekarar da juyin juya hali ya kawar da Sarki Louis-Philippe, aka ce kowa ya kawo abinsa babu tantancewa, sai ayyuka fiye da 5,000 suka cika zaurukan, na ƙwararre kusa da na ɗan koyo. Hausawa sun ce idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai, haka kuwa aka yi, domin shekara na zagayowa aka dawo da alƙalai. Amma ko a wannan shekara ta buɗe ƙofa an raba lambobi, kuma ɗaya daga cikin na zinariya ta faɗa hannun wata budurwa mai shekara 26, Rosa Bonheur, haifaffiyar Bordeaux, saboda zanen shanu da ta kawo. A dubi abin da ke gabanta na cikas. Mace ce, a zamanin da babbar makarantar zane ta Faris ba ta karɓar mata, ba ta kuma fara karɓarsu ba sai a 1897. A wurin mahaifinta ta koyi sana'ar. Abin da ta zaɓa ta zana kuwa dabbobi ne, waɗanda ke kusa da ƙarshen jerin darajoji. Duk da haka aka ba ta lambar, gwamnati kuma ta biyo baya da kwangilar wani babban zane, wanda aka nuna a 1849, yake kuma rataye yau a gidan adana zane na Orsay. Sunansa da Faransanci Labourage nivernais, watau huɗa a ƙasar Nivernais, kuma a gabansa nake so mu daɗe, domin manomin da ya taɓa riƙe garmar shanu ya fi malamin jami'a kayan aikin gane shi.

Faɗinsa ya kai mita 2.6, tsayinsa kuwa ya ɗan haura mita 1.3. Bijimai 12 ne, an kasa su gida biyu, shida a gaba shida a baya, bibbiyu a ƙarƙashin karkiya, suna jan garma daga hagu zuwa dama a kan fili mai ɗan hawa. Farkon abin da ido zai kama shi ne hasken da ke kan gadon bayan fararen bijiman da shuɗin sararin sama wanda ya cinye kusan rabin ƙyallen. Amma kada mai kallo ya tsaya nan. Ya sauke idonsa ƙasa, ya dubi ƙasar da garma ta kifar. Ba launi guda aka shafa aka ce ga ƙasa ba: hoge ne manya da ƙanana, kowanne da gefen da rana ta buga da gefen da ke cikin inuwa, da danshin da ke nuna yanzun nan aka juyo su daga ciki, har mutum ya ji a ransa cewa in ya taka ƙafarsa za ta nutse. Daga nan ya hau zuwa ƙafafun dabbobin, ya ga yadda kofato ke shiga cikin laushin ƙasa, da yadda nauyin jiki ya karkata gaba, da yadda wuya ya sunkuya ƙarƙashin itacen karkiya, da dalalar da ke zuba daga baki saboda wahala. Wanda ya san shanu zai shaida cewa wannan tafiya ce ta dabbar da ke jan abu mai nauyi a kan tudu, wadda ta bambanta da tafiyar dabbar da ke kiwo, kuma ba a samun wannan bambanci sai ga wanda ya san inda kowane ƙashi da kowace tsoka suke. An kuwa tabbatar cewa Rosa Bonheur takan je mahauta ta zauna tana nazarin gaɓoɓin dabbobi. Mutanen da ke tare da shanun, mai riƙe da garma da mai tsawwala musu da doguwar sanda, an yi su ƙanana, fuskokinsu ba su fito sosai ba, domin ba su ne abin nufi ba. Ta ɗauki girman ƙyalle da tsananin kulawar da aka saba keɓe wa sarakuna da mayaƙa, ta ba shanun noma.

To, a nan ne hujjar alƙalai take, kuma kowa na iya bin sawunta da idonsa: ilimin halittar dabba, da iya sarrafa haske, da tsarin da ya sa ido ke bin layin bijiman daga wannan gefe zuwa wancan ba tare da ya ɓata ba. A ganina sun yi daidai, kuma sun yi daidai ne duk da cewa ma'auninsu na darajoji yana ja da su zuwa wani wajen, wanda hakan ya ƙara wa shaidarsu ƙarfi. Abin da ya biyo baya ma ya gaskata su, domin a 1853 ta kawo zanen kasuwar dawaki ta Faris, mai faɗin mita 5, bayan ta shafe shekara ɗaya da rabi tana zuwa kasuwar cikin tufafin maza, da izinin 'yan sanda a rubuce, don kada a dame ta. Dawakin suna zagaye, wani ya yi tsaye da ƙafafun baya, masu riƙe da su suna fama da linzami, har mai kallo ya ji kamar ya ja da baya. Tun 1887 zanen yana babban gidan adana kayan fasaha na Metropolitan a New York.

Lambar yabo tana da wani amfani kuma wanda ba a cika lura da shi ba. A 1849 Gustave Courbet ya sami lamba saboda zanen waɗansu mutane zaune bayan cin abinci a garinsu Ornans, kuma bisa ƙa'idar lokacin, wanda ya sami irin wannan lamba yana shigar da aikinsa na gaba ba tare da ya bi ta hannun alƙalai ba. Da wannan dama ya shigo da zanen jana'iza a Ornans, mai faɗin fiye da mita 6, cike da mutanen ƙauye a tsaye bakin kabari, da girmansu na haƙiƙa, babu wanda aka ƙawata wa fuska. Masu sharhi da yawa suka yi ca a kansa, suna cewa ya ɗaukaka abin da bai kai a ɗaukaka ba. Da alƙalai suka sake samun iko a kansa, a babban baje kolin duniya na 1855, sai suka karɓi waɗansu ayyukansa suka ƙi wannan, shi kuwa ya gina rumfarsa a kusa ya nuna abinsa da kuɗinsa. Ashe hukuncin da suka yi na farko shi ya buɗe ƙofar abin da suka ƙi daga baya, kuma wanda ke son ya yi wa alƙalan Salon hisabi, wajibi ne ya lissafa duka biyun.

Shekarar da aka fi ambato idan ana zargin alƙalai ita ce 1863. A wannan shekara sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da aka kawo, koke ya yi yawa har ya kai kunnen Sarki Napoleon na Uku, ya ba da umarni a buɗe wani zaure dabam a nuna ayyukan da aka ƙi, jama'a su yi hukunci da kansu. A cikin waɗanda aka ƙi akwai Édouard Manet, da Camille Pissarro, da James Whistler ɗan Amurka, sunayen da yau babu littafin tarihin zane da zai tsallake su. Wanda aka fi yabo a babban zauren kuwa shi ne Alexandre Cabanel, wanda sarkin da kansa ya sayi zanensa. Bayan shekara 11, a 1874, Claude Monet da abokansa suka gaji da jiran izini, suka shirya nasu baje koli a tsohon ɗakin aikin mai ɗaukar hoto Nadar, a 1884 kuma aka kafa wani taron na masu zaman kansu wanda ya soke alƙalai da lambobi gaba ɗaya. Laifin alƙalan 1863 a bayyane yake: sun mayar da al'adar da suka gada ta zama sharaɗin inganci, suka ga sawun buroshi a fili da launin da ba a narkar da shi cikin ɗan'uwansa ba, suka ɗauka aiki ne da ba a gama ba, alhali kuwa masu shi da gangan suka bar shi haka, don su kama haske yadda ido ke ganinsa a waje kafin hankali ya gyara shi.

Sai dai ina jan hankalin mai karatu game da wani taƙlidi sabo wanda ya maye gurbin tsohon, watau a ɗauka cewa duk abin da alƙalai suka yaba banza ne, duk abin da suka ƙi kuma shi ne gaskiya. Wannan ma rashin kallo ne. A cikin ɗaruruwan ayyukan da aka nuna a zauren waɗanda aka ƙi, mafi yawa an manta da su, kuma ba zalunci ne ya sa aka manta da su ba. Jama'ar da aka ce su yi hukunci, da yawansu dariya suka je yi, ba su fi alƙalan basira ba. Manet kansa bai daina kai aikinsa Salon ba har ƙarshen rayuwarsa, ya ƙi shiga baje kolin su Monet, kuma a 1881, shekara biyu kafin mutuwarsa, ya karɓi lamba mai daraja ta biyu daga hannun alƙalan. Da aka buɗe gidan Orsay a 1986, a cikin tsohuwar tashar jirgin ƙasa, masu tsara shi sun ajiye Cabanel da Manet da Courbet da Rosa Bonheur a ƙarƙashin rufi guda, kuma wannan shi ne insafi, domin sai an ga abin da aka yaba kusa da abin da aka ƙi ake gane abin da kowane ɓangare yake nema.

A zamaninmu ma'aunin ya sauya ƙwarai, amma zaman alƙalai bai gushe ba. Mafi shahara shi ne baje kolin birnin Benis na ƙasar Italiya, wanda aka fara a 1895, ake kuma yin sa duk bayan shekara biyu, babbar lambarsa kuwa zaki ne na zinariya. A nan wajibi ne mai kallo ya fara tambayar wace irin lamba ce, kuma wa ya bayar, domin ba duka ne daga hannu ɗaya suke fitowa ba. Zakin da aka ba El Anatsui a 2015 na aikin tsawon rayuwa ne, irin wanda hukumar baje kolin ke bayarwa bisa shawarar mai tsara taron, wanda a waccan shekara shi ne Okwui Enwezor, ɗan Nijeriya, Ba'afirke na farko da ya riƙe wannan matsayi. El Anatsui haifaffen Gana ne, ya kuma fara koyarwa a jami'ar Nsukka a 1975. Aikin da ya shahara da shi ba fenti a cikinsa: marafan kwalaben giya ne dubbai, a daddake su, a yanka, a huda, a ɗinke da wayar tagulla, har su zama wani ƙaton mayafi mai walƙiya da ake ratayawa a bango. Daga nesa alharini da zinariya mutum zai zata. Sai ya matso ya ga sunayen kamfanoni a jikin kowane ƙarfe, ya tuna cewa barasa tana cikin hajar da Turawa suka riƙa kawowa gaɓar Afirka ta Yamma a zamanin cinikin bayi. Wanda ya tsaya nesa kawai ya ga rabi, wanda ya tsaya kusa kawai shi ma rabi ya gani, dole sai an yi tafiyar tsakanin wuraren biyu. Da a ce an kai wannan gaban alƙalan 1863, da ba su ma san a wane babi za su sa shi ba.

Lambobin da alƙalai ke bayarwa a Benis kuwa na abin da ke cikin zaurukan ne a wannan shekarar. A 2019 mutum biyar suka zauna, suka ba rumfar ƙasar Lituweniya zakin zinariya saboda wani aiki da aka zuba yashi cikin gini aka mai da shi bakin teku, mutane na kwance suna rera waƙa a kan gajiyar duniya da sauyin yanayi, masu kallo na leƙo su daga bene. A wannan zama ne kuma suka yi ambato na musamman ga Otobong Nkanga, wadda aka haifa a Kano a 1974, ta yi karatu a Ile-Ife da kuma babbar makarantar zane ta Faris, take zaune yanzu a Antwerp ta ƙasar Beljiyam. Abin da ta shimfiɗa a ƙasan zauren dogon abu ne na gilashi da dutsen marmara wanda ya haura mita 20, yana lanƙwasa kamar kogi ko jijiyar jiki, launinsa yana sauyawa daga wuri zuwa wuri yadda ruwa kan sauya idan abin da ake haƙowa daga ƙasa ya gurɓata shi. Ba a iya ganinsa daga tsayuwa guda, sai mutum ya bi gefensa da ƙafa tun daga farko har ƙarshe, yana sunkuyawa.

Alƙalan yanzu sun fi na dā da abu guda, shi ne sukan rubuta dalilinsu a taƙaice a karanta wa jama'a ranar ba da lamba, abin da mai zanen da aka buga wa harafin R bai samu ba. Shawarata ga mai shiga irin wannan zaure ita ce ya jinkirta karanta wannan bayani, ya fara ba aikin lokacinsa, ya lura da abin da aka yi shi da shi, da girmansa, da inda aka ajiye shi, da abin da ke maƙwabtaka da shi wanda bai ci komai ba, har sai ya sami abin da zai iya faɗa da bakinsa. Bayan haka ya karanta abin da alƙalan suka ce, ya koma gaban aikin karo na biyu ya bincika ko abin da suka ambata yana nan. Sau da yawa zai tarar sun hango abin da ya tsallake, domin sun ga dubban ayyuka kafin wannan, sun kuma san abin da aka riga aka yi da abin da ba a taɓa yi ba. Wani lokaci kuma zai nema ya rasa, kuma yana da haƙƙin ya faɗi haka, matuƙar zai iya nuna da yatsa wurin da ya duba.